Kasuwa da Zamani: Sayen tablet a Agadas, a duba kafin a biya

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi ta Agadas ya san yadda mai hankali yake sayen raƙumi. Yakan buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya taɓa tozo, ya ɗaga ƙafa, ya sa a gurfanar da shi a kuma tashe shi. Kafin duk wannan kuwa ya riga ya san aikin da dabbar za ta yi, ko bin ayarin gishiri zuwa Fashi da Bilma, ko jan ruwa a lambunan Abzin. Abin mamaki shi ne, mutumin nan da ba a iya cutarsa a cinikin raƙumi, da zarar ya tsaya gaban mai sayar da kayan waya sai ya miƙa kuɗinsa domin kyan kwali kawai.

Hajar da ake magana a kanta ita ce kwamfutar nan mai siffar allon almajiri, wadda ake kira tablet. Kamfanin Apple na Amurka ne ya yayata ta a duniya da ya fito da iPad a shekarar 2010, a shekarar kuma Samsung na Koriya ta Kudu ya biyo baya da Galaxy Tab. Yau ana ganinta a hannun ɗaliban jami'ar Agadas, wadda aka kafa a 2014, da ma'aikatan ƙungiyoyi masu shiga ƙauyuka ƙidaya, da maƙeran azurfa masu nuna wa baƙi hotunan aikinsu, da direbobin hanyar Dirku da Jado. Kuɗinta ba ƙarami ba ne. Sau da yawa uba ne ya sayar da bisashe, ko uwa ta kwashi adashinta, domin ɗansu ya samu abin karatu. Idan aka yi kuskure, gyara yana da nisa: Yamai tana kusan kilomita 950 daga Agadas, Damagaram kuma kusan 450.

Abin da ido yake fara gani shi ne girman gilashi. Ana auna shi da inci, wanda a Faransanci ake kira pouce, kuma inci guda santimita 2.54 ne. Awon daga kusurwa zuwa kusurwa ake yinsa, a karkace. Saboda haka tazarar da ke tsakanin mai inci 8 da mai inci 10 ta fi yadda lambobin suke nunawa, domin faɗin fuskar mai inci 10 ya ɗara na mai inci 8 da fiye da rabi. Mai inci 8 yana shiga aljihun babbar riga, ana riƙe shi da hannu ɗaya, nauyinsa bai cika wuce giram 350 ba. Shi ya dace da wanda aikinsa na yawo ne, yana tsaye a bakin rijiya ko a zauren maigari yana rubuta amsoshi. Mai inci 10 ko 11 yana kusan rabin kilo, amma shi ne yake nuna shafin littafi yadda za a karanta ba tare da ana ta ja ana matsawa da yatsa ba, don haka ɗalibi da malamin lakwal sun fi samun biyan bukata da shi. Masu inci 12 zuwa 13 kuwa na masu zane da ma'aikatan ofis ne. Idan aka haɗa su da madannin rubutu, nauyinsu da kuɗinsu sun kai na kwamfutar cinya, kuma wanda aikinsa buga dogayen takardu ne gara ya sayi kwamfutar tun farko.

Girma kaɗai ba ya isa. Rubutun da ke bisa gilashi ƙananan ɗigogi ne suke haɗa shi. Idan an rubuta 1280 x 800 a kan allo mai inci 10, haruffa kan fito da ɗan dishi-dishi, ido kuma ya gaji bayan sa'a guda. Mai 1920 x 1200 ya fi tsabta nesa ba kusa ba. Sai kuma ƙarfin haske, wanda a Agadas ya fi komai muhimmanci. Gilashin da ke sheƙi a cikin inuwar shago yana iya komawa baƙi ƙirin a tsakar rana. Mai saye ya roƙi a bar shi ya fita da shi ƙofar shago, ya ɗaga hasken har ƙarshe, ya ga ko zai iya karanta layi guda. Gani ya kori ji.

Bayan gilashi sai manhajar da ke tafiyar da na'urar, wadda ita ce linzaminta. Manyan iri uku ne: iPadOS na Apple, da Android na Google, da Windows na Microsoft. iPad yana da ƙarko, kuma kamfanin yakan daɗe yana sabunta manhajarsa, sai dai yana da sharuɗɗan da ya kamata a sani. Ba shi da gurbin katin ƙarin ajiya. Ba a kiran waya da shi kai tsaye kamar salula. Samfuran da aka fitar daga 2024 masu karɓar layi ba su da ramin sa sim, sai layin da ake shigarwa ta intanet, wanda ake kira eSIM, don haka dole mai saye ya tambayi kamfanin wayarsa tukuna. Manhajar WhatsApp ma sai a watan Mayu na 2025 aka fitar da wadda aka yi wa iPad musamman.

Android shi ne ya cika kasuwa, daga Samsung da Lenovo zuwa Tecno da Itel na kamfanin Transsion da ke Shenzhen ta ƙasar Sin. Masu gyaransa sun fi yawa, kayan canjinsa sun fi samuwa, kuma ana tura masa littafi ko karatu daga wata waya ba tare da an kashe ko dala ba. Ma'aikacin da ƙungiyarsa take tattara bayanai da KoboCollect ko ODK Collect ya sani cewa waɗannan manhajoji biyu na Android ne. Amma a nan ma akwai tarko. Tun da gwamnatin Amurka ta sa wa Huawei takunkumi a watan Mayu na 2019, sababbin na'urorin kamfanin suke fitowa ba tare da Play Store da sauran hidimomin Google ba. Haka nan wasu allunan da aka yi domin kasuwar cikin ƙasar Sin. Na'urar tana da kyau, amma abin da aka saye ta dominsa ba ya shiga cikin sauƙi. Game da Windows kuma, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, saboda haka tsohon allon da ba ya iya hawa Windows 11 ba abin zuba jari ba ne.

Akwai batun harshe. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Wanda zai yi rubutu da ita yana bukatar madanni mai ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kuma Gboard na Google yana da Hausa. Haruffan Tifinar na Abzinawa sun shiga ma'aunin Unicode na duniya tun 2005, Larabci kuwa ya daɗe a ciki. Tsohuwar na'ura ko ta jabu takan nuna ƴan akwatuna a maimakon wasu haruffan. Gwajin ba ya cin minti biyu.

Sai kayan ciki, waɗanda su ne haƙora da ƙafafun wannan raƙumi. Ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake rubutawa RAM, ita ce tabarmar da na'ura take baje aikinta a kai. Mai giga 2 yakan sanƙare da an buɗe abu biyu ko uku, giga 4 shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a karɓa. Idan an ga 4+4 a jikin kwali, a sani huɗun farko ne na gaskiya, na biyun aro ne daga rumbun ajiya, kuma ba ya da saurin na asali. Rumbun ajiya mai giga 32 yakan cika da wuri, domin manhajar kanta ta riga ta cinye wani kaso. Giga 64 tare da gurbin katin microSD ya fi kwanciyar hankali, musamman ga wanda yake sauke darussa a gari ya tafi da su inda babu rezo.

Rezo kuwa shi ne tambaya ta gaba. Akwai allon da ba ya shiga intanet sai ta wifi, akwai mai karɓar sim na Airtel, ko Moov Africa, ko Zamani, ko Niger Telecom. Na farkon ya fi araha, kuma ya ishi wanda yake da wayar da za ta raba masa intanet. Direban hamada kuma ya lura da wani abu: iPad mai wifi kaɗai ba shi da GPS, sai mai karɓar layi. GPS daga tauraron ɗan'adam yake samun bayani, yana aiki ko babu rezo, muddin an sauke taswira tun a gari. Duk da haka ba mai hankalin da zai shiga Tenere ya bar jagora da guzurin ruwa saboda yana riƙe da gilashi.

Babban abokin gabar wannan na'ura a Agadas shi ne zafi. Apple da kansa ya rubuta cewa iPad an yi shi ne domin aiki tsakanin digiri 0 da 35, alhali a watannin Mayu da Yuni zafin garin yakan haura 40. Batirin litiyam yana tsufa da wuri a cikin zafi, wani lokaci ya kumbura har ya ɗaga gilashi. Wanda ya bar allonsa a gaban mota da rana, ko ya sa shi caji a ƙarƙashin matashin kai, shi ya rage masa kwana. Wutar garin, wadda tashar kwal ta Sonichar da ke yankin Cirozerin take bayarwa, takan yanke a bazara, don haka girman batir abin dubawa ne. Allo mai inci 10 yakan zo da batir mai lamba 6000 zuwa 8000 mAh. Mai 7000 yana bukatar fiye da sa'a uku a kan caja mai wat 10 kafin ya cika, kuma wanda ya dogara da ƙaramin farantin sola ya yi wannan lissafi tun da wuri. Ramin caji irin USB-C ya fi tsohon ƙarko, wayarsa kuma ta wadata, tun da Tarayyar Turai ta wajabta shi a ƙarshen 2024. Ƙura ma tana da nata rabo. Inda aka rubuta IP68, lambar 6 tana nufin ƙura ba ta shiga. Irin waɗannan suna da tsada, amma riga mai kauri da jaka mai zif ba su fi ƙarfin kowa ba.

Saura kayan hannu da na jabu. Akwai allunan da ba su da sunan kamfani sananne, an sa su suna nuna giga 512 alhali abin da ke ciki bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Kyan ɗan maciji ke nan. Idan farashi ya yi ƙasa fiye da hankali, araha ba ta ado. Na hannu kuma, iPad ɗin da tsohon mai shi bai fita daga asusunsa na iCloud ba ya zama faranti, haka Android da ke neman asusun Google na wani. Mai saye ya sa a goge na'urar a gabansa, a sake kunna ta, ya shigar da nasa asusun, ya sa sim, ya taɓa kowace kusurwa ta gilashi, ya ji sauti, ya ga caji yana hawa, sannan ya karɓi takardar ciniki mai ɗauke da lambar na'ura da tsawon garanti. Ɗan kasuwa na gari ba ya jin haushin wannan.

A taƙaice, ɗalibi ya nemi Android mai inci 10, RAM giga 4, ajiya giga 64. Ma'aikacin karkara ya nemi mai inci 8 da sim da haske mai ƙarfi. Maƙeri da ɗan kasuwa su duba tsabtar gilashi da kyamara. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya ƙara haƙuri wata biyu, domin sayen nagari mai da kuɗi gida ne. Allah ya sa a dace.