Tambayar da mutanen kan iyaka ke bin 'yan takara

Duk lokacin da kakar zaɓe ta ƙarato, nakan ji 'yan takara suna alƙawarin titi da taki, amma ban taɓa jin wanda ya tsaya a Jibiya ko Illela ya bayyana manufarsa game da iyakarmu da Nijar ba.

Ranar 30 ga Yuli, 2023, kwana 4 bayan sojoji sun hamɓarar da Mohamed Bazoum, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Nijeriya ta rufe iyaka, ta yanke mata wutar lantarki. Kasuwar Maigatari ta yi sanyi, mai zuwa gaisuwar mutuwa Maraɗi kuwa sai ta ɓarauniyar hanya. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Bazoum yana nan a tsare, Nijar kuma ta riga ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar. Jifan ya tsallake sojoji, ya sauka kan talaka.

Ba na goyon bayan juyin mulki. Sai dai duk wanda ya zo neman ƙuri'armu a 2027, mu tambaye shi: in rikici ya sake tashi da maƙwabta, sulhu za ka fara nema, ko mu za ka fara rufewa?