Sassabin zamani: yadda manoma suka sauya tunanin masana da na hukuma

Duk ranar 3 ga watan Agusta, magabatan Nijar kan fito su dasa itatuwa, al'adar da aka soma tun 1975 zamanin Seyni Kountché. Sai dai mafi yawan itatuwan da suka rayu a gonakin kudancin ƙasar ba dasa su aka yi ba. Manoma ne suka raine su daga kututture, kuma wannan tarihi ya nuna yadda shawarar masana, dokar ƙasa da tunanin talakawa ke juya juna.

Dokar gandun daji ta Turawan Faransa ta 1935, da wadda Nijar ta kafa a 1974, sun ɗauki manomi a matsayin abokin gabar icce. Itatuwa irin su gawo suka koma ƙarƙashin kariyar gwamnati, wanda ya sare ko ya yi musu aski ba da izni ba, malaman daji su ci shi tara. A lokaci guda malaman gona na koyar da noman gyaɗa da garmar shanu, wanda ke son fili ba kututture. Sannu a hankali jama'a suka ɗauka cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, mai barin tsiro kuwa rago ne. Wa zai raini iccen da ba nasa ba, wanda kuma zai iya jawo masa tara?

Farin 1973 da na 1984 ya fallasa illar haka. Iska ta riƙa binne shuka, mata na tafiya mai nisa neman iccen girki, dashen da aka kashe wa kuɗi kuma akasarinsa ya mutu. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya da ke aiki a Maradi, Tony Rinaudo, ya lura cewa tsiron da ake sassabewa kowace shekara yana fitowa ne daga saiwoyin manyan itatuwa da ke raye a ƙasa. In an zaɓi reshe kaɗan masu ƙarfi aka rage sauran, icce zai tashi. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga manoma, doka da jin kunya ne suka danne ta. Ita ake kira sassabin zamani.

Da farko an yi wa masu yin ta dariya. Da aka ga gawo na kaɗe ganyensa da damana ya bar gero ya sha rana, yana ƙara wa ƙasa taki, ƴaƴansa na ciyar da bisashe da rani, sai maƙwabci ya kwaikwayi maƙwabci. A Dan Saga cikin gundumar Aguié, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwansu. A Magaria, Matameye da Mirriah na jihar Damagaram, gawo ya cika gonaki.

Daga baya ne masana suka biyo sahu. Hotunan tauraron ɗan Adam da binciken Chris Reij, Gray Tappan da masanan Nijar sun kiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Doka ma ta sassauto: tsarin dokokin karkara na 1993, dokar daji ta 2004, sannan kudurin 2020 da ya amince da haƙƙin manomi kan iccen da ya raina. Har shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya rage dogaro ga dashe kaɗai.

Aikin bai ƙare ba. Biranen Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai na cin icce da gawayi kullum, ɓarayin icce na shiga gonaki da dare, makiyaya na buƙatar ganye, mata da masu aron gona kuma sau da yawa ba su da ta cewa kan iccen da suka yi wa wahala. Waɗannan su ne tambayoyin da ke jiran cibiyar binciken noma ta INRAN da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Muddin manomi ya sake shakkar cewa iccen nasa ne, gatari zai riga malamin daji isa gona.