TOKA TA ZO NEMAN SARAUTAR SIMINTI

Jama'a, ku kasa kunne. Akwai wani sabon kankare da ake ce da shi jiyofolima, sunan da wani Bafaranshe, Joseph Davidovits, ya raɗa masa a 1978. Ba siminti a cikinsa. Tokar kwal ce ta gidajen lantarki ake kwaɓawa da ruwan soda mai kaifi, a zuba yashi da tsakuwa, ta sandare kamar dutse. Mu wannan bai ba mu mamaki ba, gama da katsin marina kakanninmu suka yi laso, katsi kuwa da toka a cikinsa.

Masana sun gwada, sun ga ya fi siminti jure wuta da ruwa mai tsami. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris 2016 ba sai an gaya masa amfanin wannan ba, balle mai rumfa. A Ostareliya ma an shimfiɗa shi a filin jirgin sama na Wellcamp, wanda aka buɗe a 2014.

Amma fa a yi hattara. Siminti tun 1824 aka yi masa rajista a Ingila, shekara 200 ke nan ana ganin halinsa, rani da damina. Wannan kuwa gine-ginensa duk yara ne. Har yanzu masana suna gardama a kan rodi: in iska ta ratsa kankare ta kashe kaifinsa, ƙarfen ciki sai tsatsa, tsatsa ta kumbura, bene ya tsage. Ga shi na toka zalla yana son a gasa shi kafin ya yi ƙarfi, ruwan sodar kuma yana ƙona hannun lebura. Tokar ma ba mu da ita da yawa, sai ko ta Sonichar can wajen Agadas.

Saboda haka muna kira ga hukuma da babbar murya. A fara gwada shi a kwatami, da daɓen mahauta, da magudanar majema, inda siminti ke saurin ruɓewa. A rubuta ranar zubi a jikin kowane, a riƙa aunawa, a karanta wa jama'a sakamako da Hausa. Kada wani ɗan kwangila ya ɗora mana benen kasuwa da shi tukuna. Da kuɗin harajinmu za a gina, mu ne kuma za mu zauna a ƙarƙashi.

Allah ya sa a ji, amin.