Ciniki Bai Faɗa Ba Sai Suna Ya Sauya: Matsalar Takardun Mota a Kwangila

Kwangila mahaɗa ce da ba ta barci. A gadarta ce hanyar Kaduna zuwa Kano ke gamuwa da wadda ta nufi Samaru da Funtuwa. Ga tasha, ga kanikawa, ga dillalai masu haɗa mai sayar da mota da mai nema. A irin wannan wuri ciniki kan faɗa cikin sa'a guda: a buɗe inji a duba, a zaga da motar zuwa Samaru a dawo, a tura kuɗi ta waya, a miƙa makulli da damin takardu cikin leda, a yi musafaha a watse. Abin da ba a cika yi ba shi ne sauya sunan mai motar a rajistar hukuma, kuma a nan ne akasarin rigingimu ke samo tushe.

Mai sayarwa kan ɗauka cewa da ya ce "na sallama" ya rabu da motar ke nan. A idon hukuma kuwa yana nan a matsayin mai ita, domin sunansa ne ke haɗe da lambar. Motar na iya ratsa hannu uku cikin shekara biyu. Ranar da ta buge mutum direba ya gudu, ko aka kama ta da kayan laifi, lamba 'yan sanda za su bi, lambar kuma ƙofar gidan mutumin farko za ta kai su. Sai ga dattijon da ya sayar da motarsa don biyan kuɗin makarantar 'ya'ya yana safa da marwa tsakanin caji ofis da gidan dillali, yana neman wanda bai ma san cikakken sunansa ba.

Mai saye shi ma bai tsira ba. Tun daga ranar 1 ga Janairun 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu, amma motocin Kwatano ba su daina sulalowa ta ɓarauniyar hanya ba, wasunsu da takardar kwastam ta jabu. Wata motar lambar shasinta ba ta yi daidai da abin da ke rubuce ba. Wata jingina ce a hannun mai bin bashi, wata kuma ta gado ce da ɗa guda ya sayar ba da yawun sauran magada ba. Mafi muni ita ce ta sata, domin karɓar kayan sata laifi ne a doka, kuma wanda aka samu da kaya shi ake fara tuhuma.

Abin lura shi ne, wannan sakaci ba gadon kasuwancin Bahaushe ba ne. La'adar da ake bai wa dillali a cinikin doki ko saniya tana ɗauke da nauyin shaida: in daga baya aka ce dabbar ta sata ce, shi zai fito da wanda ya kawo ta. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Zazzau, irin su Mukhtasar da Tuhfa, sun yi bayanin istihƙaƙi, wato hukuncin kayan da mai shi na ainihi ya bayyana bayan an sayar, inda mai saye ke komawa kan wanda ya sayar masa don karɓar kuɗinsa. To yaya zai koma kan wanda ba shi da adireshinsa? A da kasuwa ƙarama ce, kowa ya san kowa. Yanzu mota kan kwana a Zariya ta wayi gari a Maraɗi, saboda haka rajista ce ta maye gurbin idon jama'a.

Masu gudun canjin suna suna da hujjar da ta cancanci a saurara. Hukumomin da ke da hannu a harkar suna da yawa: Hukumar Tara Haraji ta Jihar Kaduna, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988, KASTLEA, 'yan sanda da kwastam. Kuɗaɗen ma sun ƙaru. Mafi ƙarancin inshorar motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023. Ga kuma 'yan kamasho da ke karɓar kuɗi su kawo takardar da kwamfuta ba ta san da ita ba. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai wahalar kwana biyu a ofis ba ta kai ta wata shida ana zarya a kotu ba, kuma mai sayen mota kafin ya tantance takardunta cinikin biri a sama ya yi.

Idan ta riga ta kwaɓe, gaggawa ita ce magani. Mai sayarwar da mai saye ya ƙi sauya suna ya tattara shaidar tura kuɗi da takardar yarjejeniya, ya yi takardar rantsuwa a kotu mai nuna ranar da motar ta bar hannunsa, ya sanar da 'yan sanda da ofishin lasisi a rubuce, ya adana kwafi. Mai sayen da ya gano aibi a takardu ya ajiye motar, kada ya yi wa lamba kwaskwarima, kada kuma ya tura ta ga wani don ya rage asara, domin hakan mayar da wanda aka cuta macuci ne. Ya nemi dillali da shaidu a yi sulhu a rubuce. In ya faskara, alƙali na nan.

Hukuma ma tana da nata rabon gyara. A Ingila, mai sayar da mota kan sanar da hukumar rajista da kansa ta intanet cewa motar ta bar hannunsa, ba ya jiran alherin mai saye. Babu abin da zai hana Jihar Kaduna buɗe irin wannan ƙofa, ta kuma wallafa kuɗin canjin suna a fili yadda ɗan kamasho zai rasa abin faɗa. Ƙungiyoyin dillalai kuwa su mayar da shi sharaɗi cewa ba a karɓar la'ada sai an gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke takarda, an rubuta yarjejeniya da hotuna da lambar katin ɗan ƙasa na ɓangarorin biyu. Ya fi dacewa a riƙe wani kaso na kuɗin a hannun amintacce har ranar da sabuwar takardar mallaka ta fito da sunan mai saye. A ranar ce ya kamata a yi musafaha a yi wa juna fatan albarka.