Akwatin Kyanwa Ba Ya Wanke Kansa

Masu sayar da injin bayan gidan kyanwa sun yi masa suna mai daɗin ji: akwati mai tsabtace kansa. Wannan suna yaudara ce, kuma yaudarar tana da haɗari, domin wanda ya gaskata ta yakan daina duba abin da ya wajaba ya duba.

A yi wa injin adalci, yana aikinsa. Kyanwa ta shiga ganga mai ɗauke da ƙasar yumɓu wadda ke dunƙulewa idan ta jiƙe, na'urar auna nauyi ta san da shigarta, bayan ta fita da 'yan mintuna gangar ta juya, rariya ta tace dunƙulen fitsari da kashi ta zubar da su cikin durowar da ke ƙasa. Haka Litter-Robot na kamfanin Whisker da ke Amurka yake aiki, haka ma yawancin masu kwaikwayonsa. To amma tankaɗe daban, wanki daban. Injin ya kawar da ƙazantar daga ido ne kawai, ya tara ta a wuri guda mai ɗumi da duhu, yana jiran hannun mutum.

Durowar nan ita ce babbar magana. Kashin kyanwa na iya ɗaukar ƙwayar cutar tokzoplazma, wadda ke yi wa ɗan tayi mummunar illa idan mai juna biyu ta kamu da ita. Ƙwayar ba ta harbi a ranar da ta fito. Sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a waje kafin ta nuna. Saboda haka tsohuwar ɗabi'ar kwashe kashi kullum, wadda masu talla ke kira wahala, ita ce take fitar da shi daga gida kafin ya zama haɗari. Durowar da aka bari mako guda kuwa ta ba ƙwayar duk lokacin da take bukata. Gaskiya ne kyanwar da ba ta farautar ɓera, ba ta kuma cin ɗanyen nama, da wuya ta ɗauko cutar. Amma wa zai rantse a kan abin da kyanwarsa ta ci jiya da dare? A sa safar hannu, a ƙulle ledar a hankali ba tare da kaɗa ƙura ba, a wanke hannu da sabulu. Mai ciki da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su bar wa wani wannan aiki.

Sai kuma mutanen da wari ya ishe su, suka ce za su yi wa abin wankan tsarki da ruwan bilic. Wannan ce shawara mafi muni, kuma ita ta fi yawo. Fitsarin da ya kwana yana sakin amoniya, idan kuwa bilic ya haɗu da amoniya sai su haifi iskar kuloramin, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Mutum ya sunkuya, kansa cikin ganga, a ɗan ƙaramin banɗaki mai rufaffiyar taga: ba a bukatar likita ya faɗi sauran. Abin takaici, bilic ɗin ma ba ya kashe ƙwayar tokzoplazma, don ɓawonta ya fi ƙarfinsa. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta na dangin fenol, irin waɗanda ke mayar da ruwa fari kamar madara, su ma a nisanta su. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa su, ga shi duk abin da ta taka sai ta lashe shi daga ƙafarta. Ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi sun wadatar, a ɗauraye sosai, a bar gangar ta bushe ƙarau kafin a zuba sabuwar ƙasa, in ba haka ba yumɓun zai manne ya zama laka.

Kafin duk wannan, a zare wayar daga soket. Danna maɓallin kashewa bai isa ba, tunda hannu zai shiga inda mota ke juya ganga. Gindin injin, inda motar da wayoyi suke, ba a tsoma shi a ruwa, ba a kuma kwarara masa. Tsumma mai ɗan danshi ne rabonsa.

Wurin da aka fi mantawa shi ne idanun injin, wato ƙananan na'urorin da ke hango kyanwa su tsayar da juyi. Ƙurar yumɓu tana rufe su sannu a hankali, gashi kuma yana maƙalewa a ƙarƙashin ma'aunin nauyi. A shekarar 2024 an yi ta samun rahoton kyanwoyin da wasu injuna masu araha, da ake saye ta intanet ba tare da sanannen suna ba, suka maƙure a bakin ƙofa har lahira. Araha ba ta ado, kuma laifin can na masu ƙira ne. Sai dai injin kirki ma, idan idonsa ya toshe, makaho ne mai ƙarfin mota. A goge idanun da busasshen ƙyalle mai laushi duk lokacin da aka zubar da durowa. Bayan an mayar da komai, a kulle kyanwa a wani ɗaki, a sa injin ya fara juyi, sannan a gwada shi yadda littafinsa ya tsara, a ga ko zai tsaya cak. Idan bai tsaya ba, a zare wayarsa, a ajiye mata kwano da ƙasa har sai an gyara.