Zongo Na Buƙatar Likitan Ƙwaƙwalwa Mai Jin Hausa

A Zongon Lome, idan yaro ya samu shiga sashen likitanci na Jami'ar Lome, tun bai gama shekarar farko ba dangi sun zaɓa masa fanni. Wannan ya ce fiɗa, wancan ya ce zuciya, gwaggo ta ce ya zama likitan mata ya buɗe asibitinsa. Ranar da ya ce shi ƙwaƙwalwa yake so, sai zaure ya yi tsit, can wani ya ce: "Duk wahalar nan, ka ƙare a likitan mahaukata?" Har da masu rantsuwa cewa mai zama da taɓaɓɓu shi ma wata rana sai ya taɓu.

Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma mu yake cuta.

Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen Togo sun haura miliyan 8. Asibitin gwamnati da aka keɓe wa masu taɓin hankali kuwa shi ne na Zebe a garin Aneho, kusan kilomita 45 gabas da Lome. Daga Agoe-Zongo, inda aka mayar da iyayenmu a 1977 bayan an rushe tsohon zongon tsakiyar gari, sai mutum ya ratsa birnin kaf kafin ya kama wannan hanya.

Alhali cutar tana cikin gidajenmu. Ga ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, da ke haɗiyar tiramadol da asuba don ya jure zafin rana, har ya fara zance shi kaɗai. Ga mai jegon da ta daina ci, ta ƙi kallon jaririnta, aka ce iska ce. Ga saurayin da aka kulle a ɗakin baya, ana miƙa masa tuwo ta taga don kada maƙwabta su ji.

Likitan fiɗa zai iya cire maka ƙaba ko da bai san yarenka ba. Likitan ƙwaƙwalwa kuwa da magana yake aiki. Dattijuwar da ba ta jin Faransanci, Ewe ɗinta kuma na ciniki ne kawai, yaya za ta faɗi abin da ke hana ta barci? Ta bakin surukinta da aka kawo tafinta? Ba za ta faɗa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ɗan Zongo ne ya san abin da kunya ke hana Bahaushiya furtawa.

Masu cewa fannin ba ya kawo kuɗi suna da hujja, kuma hakkin gwamnati ne ta kyautata albashi da tallafin ƙaro karatu. Amma raini daga gida yake fitowa, gwamnati ba ta da hannu a ciki. Ruƙiyya da addu'a ba sa hana shan magani, malamanmu su faɗi haka a kan mumbari ranar Juma'a.

Iyaye, idan ɗanku ko 'yarku ta zaɓi wannan fanni, ku sa albarka. Ɗalibai, Zongo na jiran ku.