Zauren Uwargida: Shin Karatun Kwamfuta Ya Daina Ci Ne?

A wannan watan za mu taɓo wata magana da ke yawo a gidajen biki da suna, tun daga nan Bukkuyum har Gummi da Anka, musamman a bakin iyayen da 'ya'yansu ke shirin cike JAMB. Wai karatun kwamfuta ya daina ci, wai na'ura ta ƙwace aikin masu rubuta manhaja, don haka kada a bar yaro ya ɓata shekara huɗu a banza.

'Yar'uwa, ruwa ba ya tsami banza, maganar tana da tushe. A watan Nuwamba na 2022 kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya sallami ma'aikata 11,000. A Janairun 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft kuma 10,000. A wannan Nuwamban ne dai ChatGPT ta fito, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira da za ki yi wa tambaya ta ba ki amsa, har ma ta rubuta wata manhajar idan an umarce ta. Ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon ma'aikaci ya kwana yana yi, yanzu na'ura kan gama su cikin mintuna. Shi ya sa a Amurka waɗanda suka gama wannan karatu ke shan wuyar samun aikin fari, har masu neman fannin suka fara raguwa a wasu jami'o'insu.

To amma ba yau farau ba. A 2000 da 2001 kamfanonin intanet da yawa sun karye a Amurka, iyaye suka tsorata, kafin 2007 sababbin ɗaliban fannin sun ragu da kusan rabi. A wannan shekarar ta 2007 aka fito da wayar iPhone, wayoyin shafawa suka cika duniya, aka koma neman masu rubuta manhaja ruwa a jallo. Waɗanda suka daure su suka ci kasuwar.

Sannan ciwon Amurka daban, namu daban. Su yawa ne ya dame su, mu rashi ne. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, amma har yau akwai yarinyar da ranar jarrabawar ce ranar farko da za ta ɗora yatsa a kan na'urar, bayan ta sha doguwar tafiya zuwa cibiyar. Ki tuna Satumban 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, yadda ciniki da aiken kuɗi suka tsaya cik. Ki tuna wahalar takardun kuɗi a farkon 2023, da kowa ya koma wurin mai POS. Rajistar katin ɗan ƙasa, rajistar jarrabawa, lissafin shago, sakamakon ɗalibai a makaranta, duk sai da kwamfuta. Wa ke yi mana su? Galibi maza. Idan matar aure ta je a ɗauki hotonta da zanen yatsunta, ashe ba zai fi mata sutura ba ta tarar da 'yar'uwarta mace a kan kujerar?

Abin da ya daina ci shi ne takarda tsura. Ɗalibin da ya haddace darasi daga allo, ya karɓi difloma alhali bai taɓa haɗa wani abu mai aiki da hannunsa ba, shi na'ura ta fara turewa. Wanda kuwa ya fahimci abin, yake iya gane inda na'urar ta yi kuskure ya gyara, ita ce za ta zama yarinyar aikensa. Don haka ga shawarata:

1. Ki duba lissafinsa tun yana ƙaramar sakandare. Ba a shiga wannan fanni sai da kiredit a Lissafi da Turanci, kuma wanda ke gudun lissafi zai wahala ko ya samu shiga.

2. Kada nisa ya tsorata ki. Akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda, da ta Abdu Gusau a Talata Mafara. Ga kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau, wadda asalinta don mata aka gina ta. Kafin ku biya kuɗi, maigida ko wansa ya je ya ga ɗakin kwamfutar da idonsa, ya tambayi ɗalibai ko suna taɓa ta.

3. A nema masa tasa na'urar, ko ta hannu ce, da ɗan faifan sola. Adashin da muke zubawa don kayan ɗaki zai iya ɗaukar wannan.

4. Ya haɗa kwamfutar da wani abu: aikin asibiti, koyarwa, noma ko kasuwanci. Malamar da ta iya kwamfuta ta fi wadda ba ta iya ba samun gurbi, haka ma'aikaciyar jinya.

5. Ya riƙa bibiyar horon gwamnati, irin shirin 3MTT da aka fara a 2023 da nufin koya wa matasa miliyan 3 fasahar zamani.

6. Ki sa ido. Hannun da ya iya kwamfuta zai iya damfara da ita. Ranar da kika ga kuɗin da ba ki san tushensu ba, ki tsare shi da tambaya, domin haram ba ta zama halal don an same ta ta waya.

Mu tuna Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu bin Sabit (RA) ya koyi rubutun Yahudawa saboda buƙatar al'umma, ya kuwa ƙware cikin kusan rabin wata. Ilimin da jama'a ke buƙata, in babu mai ɗaukarsa a gari, kowa yana da kason laifi.

Kuma uwargida, a yankinmu yaron da aka sanyaya wa gwiwa da karatu ba zama yake yi ba, ramin zinare yake nufa. Ba mu manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kusan 400, akasarinsu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Kafin ki ce wa ɗanki ko 'yarki karatun nan ba ya ci, ki zauna da maigida ku auna abin da za su kama in sun sake shi, sannan ku yi istihara.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani da abin yi na halal, Ya dawo mana da zaman lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.